Yadda Ake Bin Salsalar Kakanni da Gano Asalin Sunan Gida a Kaduna

Galibin gidajen Hausawa da ke cikin garin Kaduna zuwa suka yi, domin garin bai bunƙasa ba sai da Turawan mulkin mallaka suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917. Wasu aikin reluwe ne ya kawo su, wasu aikin soja, wasu fatauci ko almajiranci, wasu kuma masaƙun Kakuri, waɗanda aka buɗe ta farkonsu a 1957. Saboda haka mai neman salsalarsa zai fara ne da gano wanda ya fara sauka a Kaduna daga cikin kakanninsa, da garin da ya baro, da abin da ya kawo shi.

Wannan amsa tana bakin tsofaffi, musamman mata, domin gwaggo ko kaka ita ce ta riƙe labarin aure da haihuwa da wanda aka ba wa riƙon wane. A je musu da goro da ladabi, a nemi izininsu kafin a ɗauki muryarsu a waya, kuma kada a katse su idan sun yi nisa da zance. A lura cewa tsohuwa ba za ta ambaci sunan mijinta ko na ɗanta na fari ba saboda alkunya, sai dai ta ce "Malam" ko "mai sunan Malam", don haka a nemi sunan yanka daga bakin wani. Shekara kuwa ba a tambayarta da lamba, sai dai a ce, a zamanin wane sarki ne, kafin zuwan jirgin ƙasa ko bayansa? A tambayi irin zanen da ke fuskar kakan da kirarin gidansu, domin tsagar Gobirawa daban take da ta Barebari.

Sunan da ke ƙarshen takardun mutum shi ne ya fi ɓatar da masu bincike. Bahaushe ba ya gadon suna guda daga kaka zuwa jika. Sunan uba ake liƙa wa ɗa, sai ya sauya a kowane zamani. Makarantar boko ce ta yawaita kiran ɗalibi da sunan garinsu don a bambanta masu suna ɗaya, kamar yadda ake gani a sunayen Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Irin wannan suna yana nuna inda yaro ya taso, ba lallai ne ya nuna tushen zuriyarsa ba. Wasu sunayen laƙabi ne kawai: Tanko namiji ne da ya biyo bayan mata, Gambo mai bin tagwaye, Balarabe haihuwar Laraba, Ɗanjuma ta Juma'a. Maƙeri da Wanzam sana'a suke nunawa. Galadima ko Madaki kuwa na iya zama sarautar kakan, na iya zama ta ubangidan da ya yi wa barantaka, kuma a nan ne mutane suka fi saurin jingina kansu da gidan da ba nasu ba.

Bayan an sami sunan gari da zamanin, sai a koma ga rubutu. A fara da gida: tsofaffin littattafan malamai da ake rubuta ranar haihuwa da ajami a gefensu, da rasit ɗin haraji, da takardun rabon gado na kotun alƙali. Daga nan a nufi Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke titin Yakubu Gowon, inda rahotannin jami'an mulkin mallaka kan gundumomin Lardin Zazzau da sauran larduna suke, ko Gidan Arewa da ke titin Rabah, tsohon gidan Sardauna da aka mayar cibiyar binciken tarihi a 1970. Talaka ba kasafai sunansa ke fitowa a waɗannan fayiloli ba, amma ana samun sunan ƙauyensu da dagacinsu da hakimin da ke karɓar harajinsu. Turawa sun karkatar da rubutun sunaye da yawa, don haka a gwada Mamman da Momo a wurin Muhammadu.

Idan labarin ya kai ga Zariya, a tantance ko gidan ya danganci Mallawa, Barebari, Katsinawa ko Sulluɓawa, wato gidajen sarautar Zazzau huɗu na bayan jihadi, ko kuwa Haɓen da suka bi Sarki Makau kudu bayan jihadi, waɗanda zuriyarsu ke Suleja a yau. Duk abin da aka ji daga baki guda a rubuta shi tare da sunan wanda ya faɗa, a bar shi a matsayin ƙaulani har sai wani reshen dangi ya tabbatar da shi.