Kurakuran sabbin likitocin haƙori wajen miƙa bibiyar tsarin magani

Na gaji da ganin sabbin likitoci suna faɗawa ramin da na faɗa. Kowa yana so ya sauke wa kansa ɗawainiyar takardu da kiran waya, kuma daidai ne, kujera ce wurin likita. Matsalar tana wajen yadda ake miƙa aikin.

Wanda har yau yake ci mini rai shi ne cewa "ku bibiyi wannan" ba tare da kama sunan kowa ba. Na taɓa yi wa wata mata aikin jijiyar turmi, na rufe shi da ciko na wucin gadi, na rubuta cewa ta dawo a sa masa hula, wato murfin da ake lulluɓe haƙori da shi. Mai karɓar baƙi ta ɗauka mataimakiyata ta kira ta, mataimakiya ta ɗauka manhajar asibitin ta tura saƙo, manhaja kuwa ko motsi, tunda ba wanda ya buɗe wa matar ranar dawowa. Bayan wata 7 sai ga ta, hannu dafe da kunci. Haƙorin ya tsage har saiwa. Da hannun da na wahala na ceto shi, da shi na cire shi, tana kallona tana cewa ita ta zaci an gama. Me zan ce mata? Laifin nawa ne.

Tun ranar, kowane tsari yana da sunan mutum ɗaya a kansa, kuma ba mai fita ƙofa sai da ranar dawowa. Ƙarshen kowane mako ina zama na minti 15 a kan jerin ayyukan da aka rubuta ba a sa musu rana ba. Manhajojin asibitin haƙori irin su Dentrix da Open Dental duk suna fitar da wannan jeri, amma ku sabbin shiga ko buɗe shi ba kwa yi.

Sai lambar haƙori. A tsarin FDI, wato na ƙungiyar likitocin haƙori ta duniya, 18 shi ne turmin ƙarshe na sama ta dama. A tsarin Amurka mai ƙirga 1 zuwa 32, 18 turmi na biyu ne na ƙasa ta hagu. Kai ka koyi ɗaya, manhaja tana kan ɗayan, wanda ka ba shigar da bayani bai san akwai biyu ba. An gudu gara an faɗa gidan zago kenan. Ni ban yarda da lamba tsura ba, sai an rubuta sama ko ƙasa, dama ko hagu, na duba na sa hannu.

Kada ka bar manhaja ta jera maka matakai. Ciwo da ruɓa da cutar dasashi su ne gaba, hula da dashe (saiwar haƙori ta ƙarfe da ake kafawa a ƙashi) daga baya. Saƙon tuni na wata 6 ba na kowa ba ne: wanda aka kankare wa ƙasan dasashi ana sake duba shi bayan mako 4 zuwa 6, dashe kuma yakan ɗauki wata 3 zuwa 6 kafin ya kama ƙashi.

Tambayar magunguna, irin su warfarin mai tsinka jini, ma'aikaci ya cika takarda, amma kai ka sake tambaya da bakinka kafin ka ɗauki abin cire haƙori. Bayanin haɗari da neman amincewa ma naka ne. Lissafin kuɗi da kiran tuni kuwa, don Allah ka sakar musu.