Yadda za ka zaɓi ƙaramin injin sassaƙa ƙarfe na bisa tebur

Da farko ka san abin da za ka riƙa sassaƙawa. In ƙusoshi ne da ƙananan kayan babur, injin da ke ɗaukar ƙarfe mai tsawon milimita 350 da kaurin 180 ya ishe ka.

Na biyu, wuta. Ta gidajenmu a Maraɗi bolt 220 ce, kada a sayar maka da mai buƙatar 380.

Na uku shi ne inda ake cutar mutane, musamman a kayan hannu da ake shigowa da su ta Ɗan Isa, garin da ke kan iyaka da Najeriya. Shafa gadon injin, wato dogon ƙarfen da mariƙin wuƙar sassaƙa ke zamewa a kai, da yatsa. In ka ji rami ko tsatsa mai zurfi, bar shi. Kama bakin da ke riƙe ƙarfe ka jijjiga, bai kamata ya motsa ba ko kaɗan. Buɗe murfin giyoyin injin, wato ƙafafun nan masu haƙora, ka leƙa, da yawa na roba ne, kuma su ke fara karyewa. Tambayi mai shi ko akwai na canji.

Sai ka sa a kunna shi gabanka, a sassaƙa guntun ƙarfe, ka auna kaurin kansa da na gindinsa ka ga ko sun zo ɗaya.

Kafin ka kai shi gida, tanadi tebur mai nauyi da leda ta rufewa saboda ƙurar hunturu.