Yadda na shawo kan matsalar kunshin mgcv na manhajar R wajen auna kachalla da zurfin ruwa

Ina nazarin yadda samuwar ciyawar kachalla ke sauyawa da zurfin ruwa a dausayin Hadeja-Nguru. A kowane wurin awo na rubuta 1 idan akwai ta, 0 idan babu. Da na yi amfani da glm (umarnin zana layin alaƙa tsakanin abubuwan da aka auna) a manhajar ƙididdiga ta R, sai layin ya nuna wai duk ƙaruwar zurfi ƙaruwar kachalla ce, alhali duk wanda ya shiga kwale-kwale ya san tana raguwa inda ruwa ya yi zurfi sosai.

Na koma gam na kunshin mgcv, umarnin da ke barin layin ya lanƙwashe yadda bayanai suka nuna, sai ya ƙi aiki, yana cewa ƙimomin zurfin sun yi kaɗan. Na sake saukar da kunshin, na goge layukan da ba su cika ba, duk a banza.

Ashe matsalar tana wajen k, wato adadin da ke iyakance yawan lanƙwasar layin. Idan ba ka sa shi ba, mgcv yana ɗaukar 10, ni kuwa matakan zurfi 7 kacal ke cikin bayanan, domin da sanda mai alamomi aka auna. Dole k kada ya wuce yawan ƙimomi mabambanta.

Sai na rubuta:
m <- gam(kachalla ~ s(zurfi, k=5), family=binomial, method="REML")

Nan take ya yi aiki. Na duba da umarnin gam.check, edf (ma'aunin yawan lanƙwasar da layin ya yi) bai kusanci iyakarsa ba, wato k=5 ya wadatar. Da na zana da plot, tare da trans=plogis da shift=coef(m)[1] don ganin yiwuwar samuwa kai tsaye, layin ya hau, ya kai ƙololuwa, sannan ya sauka.

Alhamdulillahi, na gode wa abokiyar aikina da ta ce in ƙirga ƙimomin.