Yadda Za Ka Tsara Kiɗan Ƙaramin Rukuni Don Karrama Yankin da Ka Tashi

Wannan kiɗa ne na makaɗa kaɗan, yawanci biyu zuwa tara, kowa da layin da yake bi shi kaɗai.

Da farko, zauna shiru ka tuno sautukan ƙuruciyarka: waƙar da ake lallashinka da ita, kukan tsuntsu da asuba, yadda maganar mutanenku ke hawa da sauka. Rera abin da ya zo maka ka naɗa a waya. In da hali, koma can ka saurari tsofaffi. Haka Béla Bartók, mai tsara kiɗa ɗan ƙasar Hangari, ya yi tun 1906, yana zaga ƙauyukan Hangari da na'urar ɗaukar murya.

Na biyu, zaɓi gajeren kari guda ɗaya, sauti biyar zuwa takwas. A nan nake so ka daɗe. Kada ka cusa duk abin da ka tuna, kiɗan zai cunkushe. Ɗauki wanda in ka rera shi kake jin ƙirjinka ya yi nauyi.

Na uku, zaɓi kayan kiɗa. Rukunin huɗu da aka fi sani shi ne biyolin biyu, biyola da celo, dukansu kayan kiɗan Turawa ne masu tsirkiya da ake gogawa kamar goge.

Na huɗu, juya karin nan. Celo ya fara shi a hankali, biyolin ta karɓa da sauri, biyola ta amsa. Kowa ya samu abin faɗa, kamar ana hira.

Na biyar, rubuta shi ka kai wa makaɗa su gwada. Gyara duk inda suka ce hannu ba ya kaiwa, sannan ka gayyato wanda kuka tashi tare ya saurara.