Yadda zaka gane ko ƙasar da kake dashe tana da rai

Tun da aka fara shirin 3G na dashen itatuwa a Gombe a 2019 mutane sun ɗan farka, kowa na son ɗan kore a ƙofar gida ko harabar makaranta ko masallaci, amma sai kaga an dasa mangwaro ya tsaya cak, ana ta kwarara ruwa ana zagin mai sayar da iri alhali ƙasar ce ta mutu. Ba sai ka kaita ɗakin gwaji ba, halittun dake cikinta sun isa su nuna maka.

Ka bari sai damina ta zauna, Yuli ko Agusta, don da rani tsutsar ƙasa da ake kira tana nutsewa take can ƙasa, zaka haƙa baka ga komai ba kace wajen ya lalace. Da safe ka sa shebur ka haƙo kamar santimita 20 zuwa 30, ka juye kan buhu ka marmasa da hannu. In kaga tana na motsi, ga ƙananan ramuka, ga kashinta dunƙule dunƙule a sama, toh alhamdulillahi, iska da ruwa na shiga. Kadandoniya da buzuzu da wani farin zare zare mai kama da yanar gizo a ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye duk alamar alheri ne. Ka shinshina ma, ƙasa mai lafiya ƙamshin ruwan farko take, in kaji warin kwata ruwa ne ya kwanta ya toshe ta.

Sai dai kada ka ɗaga hankali in tana ta yi ƙaranci, ƙasarmu yashi ya mata yawa, a irin wannan waje gara ce ke yin rabin aikin. Na san mun tsane ta saboda rufin ɗaki, amma a Burkina Faso manoma har taki suke zubawa a ƙananan ramukan shuka da suke kira "zai" don gara tazo ta huda ƙasa ruwa ya samu hanya. In busasshen kara garar ke ci ƙyale ta.

Wani gwajin kuma, shuka wake ko gyaɗa, in ya fara fure ka tuge guda ɗaya ka duba saiwa, zakaga ƙananan ƙulluttai, fasa ɗaya da farce, in cikin ja-ja ne ƙwayoyin dake tara wa ƙasa abinci suna aiki. Ko ka binne tsumman auduga zalla wata biyu ka tono, in ya zama kaca-kaca akwai masu ci, in ya fito yadda ka sa shi akwai matsala.

Gyaran kuwa dan Allah a rage sharar nan ta ƙwal ƙwal da ƙona ganye a gindin bishiya, a bar ganyen ya ruɓe a wajen, a ƙara kashin awaki ko na shanu wanda ya kwana biyu, a tsince leda da tsohon batir, baƙin mai da ruwan wanki kuma a nema musu wani wajen. Damina mai zuwa sai ka sake haƙawa kusa da inda ka haƙa ka kwatanta.