Yadda Ake Sarrafa Katakon Mapul Mai Zane

Itacen mapul ba ya tsirowa a ƙasarmu. Nau'insa mai tauri yana fitowa ne daga Kanada da arewa maso gabashin Amurka, kuma ganyensa ne a jikin tutar Kanada tun 1965. Kafintan da ya saba da maɗaci da malaina na Kasuwar Katako a Jos zai same shi fari-fari, mai nauyi da santsi. A wasu itatuwan jijiyoyin katakon ba sa tafiya a miƙe, sai su yi ta lanƙwasa, shi ya sa wani yake fitowa da ratsi-ratsi da ke walƙiya idan an juya shi a haske, irin wanda ake yin bayan gogen Turawa da fuskar gita da shi, wani kuma da ɗigo-ɗigo kamar idon tsuntsu. Wannan lanƙwasar ce kuma ke wahalar da mai aiki.

Da farko, kada a taɓa shi ranar da ya iso. A jera shi a cikin shago, a sa 'yan sanduna tsakanin allunan domin iska ta ratsa, a bar shi kamar mako biyu, musamman a hunturun Jos da ke tsotse danshi har katako ya tsage. A ɗaga shi daga ƙasa, domin mapul ba ya jure gara ko ruwa, don haka na kayan cikin ɗaki ne kawai.

Wajen ferewa ake yin asara. Injin da kaifinsa ya dushe yakan fizgi jijiyoyin ya bar ramuka a daidai inda zanen ya fi kyau. A wasa wuƙar sosai, a riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan, kuma a shafa wa allon tsumma mai ɗan danshi kafin a tura shi. A ganina ya fi a ƙarasa da ƙarfen kankara na hannu, ko da zai ci lokaci. Haka ma zarto: idan aka tsaya a wuri ɗaya yakan ƙona katakon ya bar baƙin tabo mai wuyar fita. Kafin a buga ƙusa a fara huda rami.

Daga nan sai goga da samfefa, daga mai kaushi lamba 120 zuwa 180, a ƙare da mai laushi lamba 220, ba tare da tsallake ko ɗaya ba.

Mapul ba ya shan launi daidai, yakan yi dabbare-dabbare. Mai son zanen ya fito sai ya shafa rini mai ruwa-ruwa, ya bari ya bushe, ya sake gogewa sama-sama, ta yadda launin zai rage a cikin ratsin kaɗai. Sannan a shafa man linsid, wato man 'ya'yan tsiro da ake shafa wa katako, a goge rarar, a bar shi ya bushe sarai kafin a rufe da banish marar launi sau biyu ko uku.