Yadda ake gwada tasirin zafi a kan ƙarfen saita sauti

Ƙarfen saita sauti shi ne ƙarfen nan mai rassa biyu kamar harafin U, wanda John Shore ya ƙirƙiro a Ingila a 1711. Wanda aka rubuta wa 440 yana girgiza sau 440 a daƙiƙa ɗaya, amma fa a zafin digiri 20 na ma'aunin Salsiyas. Da ya ɗumama, sautinsa sai ya ɗan yi ƙasa. Canjin ƙanƙane ne, kusan kashi ɗaya cikin 10,000 a kowane digiri, don haka kunne ba zai kama shi da ƙarfe guda ba. Dabarar ita ce a yi amfani da biyu.

Nemi ƙarfe biyu masu lamba ɗaya, ka ajiye su wuri guda har zafinsu ya daidaita. Buga su a gwiwa ko a kan roba, ban da tebur, ka kawo su kusa da kunne. Sauti ɗaya za ka ji, miƙaƙƙe.

Sai ka tsoma rassan ɗaya cikin ruwan zafi na kamar digiri 70, minti biyu ya isa. Cire shi ka goge da sauri, don ɗigon ruwa ma nauyi ne, zai ɓata gwajin. Buga su tare. Yanzu sautin zai riƙa kumbura yana lafawa, wajen sau biyu a daƙiƙa. Wannan adadin shi ne tazarar da ke tsakanin girgizarsu. Ƙirga na daƙiƙa goma ka raba da goma. Ci gaba da bugawa, za ka ji kumburin yana jinkirta yayin da ƙarfen ke hucewa, har ya ɓace.

In ka sa ruwan ƙanƙara ma za ka ji kumburin, sai dai wannan karon sautin sama ya yi. Kumburin ba ya nuna wanda ya hau ko wanda ya sauka, manhajar saita sauti ta waya ce za ta raba gardama.

Mutane da yawa kan ɗora laifin a kan tsawon da zafi ke ƙara wa rassan. Yana da hannu, amma ɗan kaɗan. Babban dalili shi ne ƙarfe mai zafi taurinsa na raguwa, rassan ba sa dawowa da hanzarin da suka saba. Na alminiyam ya fi saurin canzawa, saboda haka in shi ne a hannunka, kumburin zai fi fitowa sarari.